Ku Tambayi Masu Horarwa: Matsalolin Ƙungiyar Ƙwallon Kwando da Hanyar Fita

A wannan fitowar mun zaɓi wasiƙu bakwai daga kocawa da masu kula da ƙungiyoyin matasa. Dokokin da za mu ambata na FIBA ne, hukumar ƙwallon kwando ta duniya da aka kafa a Geneva a 1932, sai inda muka faɗi akasin haka.

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana a wajen atisaye abin sha'awa ne, amma da an shiga wasa, abokan hamayya suka matsa mana tun daga ƙarƙashin kwandonmu, sai mu yi ta zubar da ƙwallo. Wasan da ya wuce sau 26 muka zubar. Tsoro ne ko me?
Daga wani kocin 'yan ƙasa da shekara 16

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam koci. Da ka ƙirga wannan 26 ɗin ka yi rabin aikin, domin kocawa da yawa faɗa kawai suke yi ba su san adadin ba. A ce ƙungiyarka ta samu damar kai hari sau 70 a wasa: ka ga fiye da kashi ɗaya cikin uku sun tafi ba a ko jefa ƙwallo ba. Tsoron da kake gani yana biyo bayan rashin sanin inda za a tsaya ne, kuma hakan daga atisaye yake farawa. Idan fas ɗin da suke yi a gabanka babu mai tare su, to abin da suka koya ke nan, fas ba mai tarewa.

Fara daga mai jefo ƙwallo daga waje. Yana da daƙiƙa 5 ya sake ta. Idan bayan an zura muku ne, doka ta ba shi damar gudu a bayan layin ƙarshe dama da hagu, amma idan bayan busa ne na wani laifi, ba shi da wannan damar. Yara da yawa ba su san bambancin ba. Kada kuma ya tsaya daidai ƙarƙashin allon da zoben kwando yake manne da shi, domin allon zai tare masa doguwar jifa. Ya koma gefe kaɗan.

Mai karɓa kuwa, wurare biyu ne tarkonsa. Na farko kusurwar fili, inda layin gefe da layin ƙarshe suke zama masu tsaro biyu na kyauta. Na biyu daidai bayan ƙetare layin tsakiya kusa da gefe, domin da ya ƙetare ba shi da ikon mayar da ƙwallo baya. Duk ƙungiyar da ta iya matsi can take kora ɗan wasa. Saboda haka ya karɓi ƙwallo nesa da kusurwa, ya juyo ya fuskanci fili, ya duba kafin ya fara buga ta a ƙasa. Wanda ya karɓa ya sunkuyar da kai ya fara bugawa nan take ya ƙone makaminsa, domin da zarar mutum biyu sun rufe shi ya kama ƙwallon da hannu biyu, ba shi da sauran tafiya.

A koyaushe mai ƙwallo ya zama yana da ƙofa uku: ɗaya a gabansa ta gefen layi, ɗaya a tsakiyar fili, ɗaya a bayansa. Na bayan yawanci shi ne wanda ya jefo ta, kada ya ruga gaba. Idan mutum biyu suka rufe mai ƙwallo, masu tsaro uku ne suka rage wa 'yan wasanka huɗu, dole akwai wanda ba kowa a kansa. Tsakiyar ce ta fi kashe matsi, don haka ka sa dogon ɗan wasanka mai hannu mai kyau a can, ya zo ya tari ƙwallon, kada ya tsaya jiran ta iso shi.

Yadda za ka horar: mutum biyar masu hari da masu tsaro shida, ka riƙe agogo, daƙiƙa 8 su ƙetare layin tsakiya kamar yadda doka ta ce. Da farko ka hana buga ƙwallo a ƙasa gaba ɗaya, fas kawai. Za su sha wuya a kwanakin farko, kada ka sassauta. Daga baya ka yarda da bugu biyu ga kowane mutum. Minti goma a kowane atisaye na tsawon wata guda. Ranar wasa masu tsaro biyar za su zame musu sauƙi. Ka kuma ƙara wa ƙirgenka bayani: mai rubuta maka ya raba zubarwar gida uku, fas da aka tsinke, ƙwallon da aka ƙwace a hannu, da laifin taku ko na lokaci. Gidan da ya fi cika shi za ka fara gyarawa.

Tambaya: Muna da yara 20, ƙwallo 4, fili ɗaya mai kwando biyu, awa ɗaya da rabi sau uku a mako. Yaya zan yi kowa ya amfana?
Daga wata malamar wasanni

Amsa: Malama, kayan nan sun isa a yi aiki mai kyau. Abin da yake cinye atisaye irin naki shi ne dogon layi da dogon jawabi. Ki gwada wannan sau ɗaya: ki zaɓi yaro guda ba tare da ya sani ba, ki sa a ƙirga sau nawa ya jefa ƙwallo a kwando cikin minti 90. Idan yara goma ne a layi ɗaya suna jiran juna, adadin zai ba ki tausayi.

John Wooden, wanda ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 10 da jami'ar UCLA tsakanin 1964 da 1975, yakan rubuta atisayensa minti-minti a kan ƙaramin kati kafin ya shiga fili. Ki yi haka ke ma. Minti 10 na farko ɗumama jiki: sassarfa, tafiya gefe-gefe a tsugune, tsayawa cak da ƙafa biyu, juyawa a kan ƙafa ɗaya. Duk wannan ba ya buƙatar ƙwallo. Minti 15 na gaba ki raba su rukuni huɗu na mutum biyar-biyar, kowane rukuni da ƙwallonsa a kusurwa ɗaya ta fili, uku suna fas biyu suna ƙoƙarin ƙwacewa, a nemi fas goma a jere.

Sai minti 20 na tashoshi. Rukuni biyar na mutum huɗu-huɗu, minti huɗu a kowace tasha. Tasha biyu a kwanduna, ɗaya jifan kusa da allo da hannun dama da na hagu bi da bi, ɗaya jifa daga nesa kaɗan. Tasha biyu a tsakiyar fili, ɗaya buga ƙwallo da hannun da ba shi da ƙarfi, ɗaya mutum da mutum a cikin siririn layi. Ta biyar ba ta da ƙwallo, aikin ƙafa ne na tsaro. Jifan kusa da allo na dama da hagu shi ne wanda ake kira atisayen Mikan, domin da shi koci Ray Meyer ya gyara George Mikan a jami'ar DePaul, kuma har yau ba a samu abin da ya fi shi koya wa yaro amfani da hannu biyu a ƙarƙashin kwando ba.

Minti 15 tsaron huɗu da huɗu a rabi biyu na fili, huɗun da suka rage suna shiga bi da bi. Minti 20 wasan uku da uku. Muna fifita shi a kan biyar da biyar ga masu koyo, domin a biyar da biyar yaro mai kunya yana iya yin minti goma bai taɓa ƙwallo ba, a uku da uku kuwa babu wurin ɓuya. Minti 10 na ƙarshe jifan kyauta, wato jifan da ake ba wanda aka yi wa laifi ba mai tare shi, da sha ruwa.

Bayaninki kada ya wuce rabin minti: ki nuna, su yi, ki gyara suna cikin yi. Idan kuma yaran ba su kai shekara 12 ba, ƙwallo mai lamba 5 ce tasu, da zobe mai tsayin mita 2.60 idan za a iya sauke shi. Yaron da aka ba ƙwallon manya mai lamba 7 a zoben manya na mita 3.05 zai koyi wurgo ta daga ƙugu da ƙarfin jiki duka, kuma cire wannan ɗabi'a daga baya aiki ne na shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambaya: Mun sha kashi da maki uku alhali mun ɓarar da jifan kyauta 14. A atisaye kowa yana zura takwas cikin goma.
Daga wani mataimakin koci

Amsa: Takwas cikin goman nan a jere ake jefa su, jiki a sake, hannu ya saba bayan na biyu ko na uku. A wasa kuwa yawanci biyu kawai ake ba mutum, yana haki, bayan an buge shi. To ka sa atisayen ya yi kama da haka. Ka daina goma a jere. Bayan kowane aiki mai gajiyarwa ka busa, kowa ya jefa biyu kacal, a rubuta, a koma aiki. Sau biyar ko shida a rana. Adadin da zai fito a takardar shi ne na gaskiya.

Sai tsarin jiki. Kowane ɗan wasa ya zaɓi abin da zai riƙa yi kafin jifa, kada ya canza: ƙafar hannun jifa a saitin tsakiyar zobe, bugu biyu ko uku, numfashi ɗaya mai zurfi, ido a zobe, jifa. Doka ta ba shi daƙiƙa 5 daga lokacin da alƙali ya miƙa masa ƙwallo, don haka tsarin ya zama gajere.

Ka tsaya a gefe ka kalli yadda ƙwallon take tafiya. Faɗin zobe santimita 45 ne, ƙwallon maza kuwa kusan 24. Idan ta sauko a kwance, a kusurwar digiri 30, ƙofar da take gani ba ta kai santimita 23 ba, wato ta fi ƙofar girma. A digiri 45 ƙofar ta kusa 32. Shi ya sa jifa marar tashi take dukan bakin zobe ta dawo da ƙarfi. Wanda jifarsa ke gazawa a ƙarshen wasa, gwiwarsa ce ta daina lanƙwasa saboda gajiya. Wanda tasa ke kaucewa dama ko hagu, ka duba gwiwar hannunsa ko ta fita waje, ko kuma babban yatsan hannun da ke tallafe yana tura ƙwallon.

Tambaya: 'Yan wasana gajeru ne. Duk ƙwallon da ta bugi zobe ta dawo abokan hamayya ne ke kamawa. Akwai dabara, ko sai na nemo dogaye?
Daga wani koci

Amsa: Akwai, Malam. Dennis Rodman tsayinsa mita 2.01 ne, gajere a cikin masu wasa ƙarƙashin kwando a NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, amma shi ya fi kowa kama irin wannan ƙwallo kaka bakwai a jere, daga 1992 zuwa 1998. Tsayi yana taimakawa, sai dai wanda ya riga tsayawa a wuri mai kyau ya fi samu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne da an jefa ƙwallo kowa ya ɗaga kai yana kallonta, yana takawa zuwa ƙarƙashin raga. Wanda ke daidai ƙarƙashin raga ƙwallon da ta shiga kawai zai kama. Ka koya musu jerin nan: da an jefa, mai tsaron mai jifa ya yi kira da ƙarfi, kowa ya nemi mutuminsa da ido, ya taka ya tare shi da damtse a ƙirji, ya juya ya sa masa baya, ƙafa a buɗe, gwiwa a lanƙwashe, hannu sama. Sannan ya nemi ƙwallo, ya kama da hannu biyu, ya kawo ta ƙarƙashin haɓa. A haɗu da dogo nesa da kwando, taku biyu ko uku, domin idan ka bar shi ya iso ƙarƙashi zai miƙa hannu ta samanka.

Su san kuma cewa jifar nesa nesa take dawowa, kuma wadda aka jefa daga kusurwa ta fi faɗawa ɗaya ɓangaren. Don haka masu tsaron waje ma suna da rabo. Gwajin da muke so: uku da uku, koci ya jefa, masu tsaro ba za su taɓa ƙwallo ba sai ta bugi ƙasa sau ɗaya. Idan ta bugi ƙasa babu mai harin da ya taɓa ta, tarewa ta yi kyau. Ka tuna duk wadda abokan hamayya suka kama a kwandonku agogo yana ba su sabuwar daƙiƙa 14 ta kai hari. A ɗaya gefen kuma gajarta riba ce: da kun kama, fas na farko zuwa gefe da sauri, a ruga, dogayensu su yi ta bin ku har su gaji.

Tambaya: Tsaron yanki, inda kowa yake tsare wani sashe na fili maimakon mutum, yana ci mana wasa a gasar 'yan shekara 12. Wani ya ce in daina. Me ya sa zan bar abin da ke aiki?
Daga wani kocin yara

Amsa: Wanda ya faɗa maka ya yi gaskiya. Yana aiki ne domin yaran wannan shekarun ba su da ƙarfin jifa daga nesa ko fas daga gefe zuwa gefe, sai ku cunkushe ƙarƙashin kwando ku jira su ɓarar. Nan da shekara uku ƙarfin zai zo musu, naka kuma za su tashi ba su iya tsayawa gaban mutum ba. Saboda haka ne gasannin yara da dama suka hana shi. Ka koya musu kowa da nasa: ganin ƙwallo da mutum a lokaci guda, matsawa zuwa ɓangaren ƙwallo duk lokacin da aka yi fas, taimaka wa ɗan'uwa da komawa. Wanda ya iya wannan zai koyi tsaron yanki cikin mako guda idan ya girma.

Tambaya: Ina da yaro da ya fi kowa iyawa, amma ba ya ba da fas, ba ya komawa tsaro, yana makara. Idan na ajiye shi mun faɗi. Sauran sun fara gunaguni.
Daga wani kocin makarantar sakandare

Amsa: Matsala biyu ce ka haɗa, a raba su. Makara da ƙin komawa tsaro maganar doka ce. Ka kafa dokoki kaɗan, uku sun isa, ka faɗe su gaban kowa tare da hukuncinsu, misali wanda ya makara ba tare da uzuri ba ba zai fara wasa na gaba ba. Ranar da ta faɗa kansa ka zartar, ko da za ku rasa wasan. Sauran yaran ranar suke jira su gani, kuma idan ka kau da kai sau ɗaya, gunagunin zai koma sakaci a wajen kowa.

Rashin fas kuwa sau da yawa rashin yarda ne da abokan wasa, wani lokaci ma bai iya ganinsu ba ne domin kansa na ƙasa. Ka zauna da shi ku biyu, ba a gaban jama'a ba, da takardar wasa a hannu: ga jifar da ka yi mutum biyu na kanka, ga nawa suka shiga, ga wadda ka yi kana sake. Lissafi ya fi faɗa shiga kunnen irin wannan yaro. Ka ba shi labarin Michael Jordan: a kakar 1986 zuwa 1987 yana cin maki 37.1 a kowane wasa, amma aka fitar da ƙungiyarsa Chicago Bulls a zagayen farko na wasannin neman kofi. Kofinsu na farko ya zo a 1991 ƙarƙashin Phil Jackson, da tsarin Tex Winter mai sa ƙwallo ta zaga hannun kowa, lokacin makinsa ya sauko zuwa 31.5.

A atisaye ka sauya lissafin maki. Kwandon da ya biyo bayan fas maki uku, wanda mutum ya ci shi kaɗai maki ɗaya. Wani lokaci ka haɗa shi da mafi rauni huɗu ka ce ba zai jefa ba sai kowa ya taɓa ƙwallo. Idan ya ba da fas mai kyau abokin ya ɓarar, ka yaba fas ɗin da babbar murya nan take, domin a daidai wannan lokacin ne yake yanke shawarar ko zai sake bayarwa. Sannan ka yi aiki a kan sauran su iya zurawa idan an ba su. In ba haka ba, zarginsa yana da tushe.

Tambaya: 'Yan wasana mata uku sun gurɗe a idon sawu a kaka ɗaya. Me nake yi ba daidai ba?
Daga wata kociya

Amsa: Gurɗewar idon sawu ita ce raunin da ya fi yawa a wannan wasa, yawanci wajen saukowa a kan ƙafar wani. Wadda ta taɓa gurɗewa kuma ta fi saurin sakewa, musamman idan ta dawo fili da zarar kumburi ya sauka. Ki sa minti biyar a cikin ɗumama jiki: tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30 kowace ƙafa, daga baya ido a rufe, daga baya ana jefo mata ƙwallo tana kamawa, ɗagawa a kan yatsun ƙafa sau 15, tsalle da sauka a hankali. Wajen saukar ki tsaya a gabansu ki kalli gwiwa. Idan tana faɗawa ciki, ki gyara nan take, gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa, domin tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ta fi samun mata 'yan wasa, kuma jinyarta watanni ce masu yawa.

Ki duba filin kafin a fara, ƙura ko ɗigon ruwa a share, takalmi a ɗaure shi har ramin ƙarshe. Idan an gurɗe, a fitar da ita, a sa ƙanƙara a cikin ƙyalle minti 15 zuwa 20, a naɗe da bandeji, a ɗaga ƙafar. Idan ba ta iya taku huɗu a kanta, ko ƙashin idon sawun kansa yana zafi idan an danna, a kai ta asibiti a ɗauki hoto. Kafin ta dawo wasa ta nuna miki za ta iya tsalle da ƙafar ita kaɗai sau goma, ta yi gudu ta juya dama da hagu ba ɗingishi, kuma ta sa abin ɗaure idon sawu a watannin farko.